Dutsen ƙanƙarar da ya fi jihar Legas faɗi: idan ya narke, teku zai tashi?

Tun ƙarshen 2023 hotunan wani ƙaton dutsen ƙanƙara mai suna A23a suke ta yawo a kafafen labarai da shafukan sada zumunta. An ce ya fi jihar Legas faɗi, an ce nauyinsa ya kusa tan tiriliyan ɗaya, an ce ya baro nahiyar Antaktika da ke ƙuryar kudu ta duniya ya nufo arewa. Duk wannan haka yake a lokacin. Inda zancen ke karkacewa shi ne abin da ake ɗorawa a kai. Wasu na cewa ranar da ya gama narkewa teku zai cika ya tumbatsa ya shanye garuruwan gaɓa. Wasu kuma na cewa zancen ɗumamar yanayi duk ƙanzon kurege ne, ai ƙanƙara ta saba ɓallewa tun ba a ƙera mota ba. To wa ke da gaskiya? Dutsen ƙanƙara irin wannan, nawa yake ƙara wa teku idan ya narke? Kuma ina ruwan mutumin Katsina ko Maraɗi, wanda ba ya ganin ƙanƙara sai a firiza ko in hadari ya zubo da ita?

Amsar tambayar farko za ta ba mutane da yawa mamaki: kusan babu abin da A23a ya ƙara wa teku. Akwai ƙanƙarar da ta cancanci a damu da ita, sai dai ba ita ce ake yawan ɗauka a hoto ba.

Suna ɗaya, abubuwa uku

A Hausa kalma ɗaya muke da ita. Wadda ke faɗowa da ruwan sama ta yayyaga ganyen dawa ƙanƙara ce, wadda ake layin saye da la'asar a watan azumi ita ma ƙanƙara ce. A wajenmu hakan ya wadatar. A ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya kuwa, ƙanƙara iri uku ce, kuma rashin bambance su shi ne tushen ruɗanin.

Ta farko ita ce ƙanƙarar da ke zaune a kan ƙasa. Antaktika nahiya ce mai ƙasa da duwatsu, faɗinta murabba'in kilomita miliyan 14. Dusar ƙanƙara na sauka a kanta, sanyi ba ya barin ta narke, ta bana ta hau kan ta bara, haka shekaru dubbai, har nauyin ta sama ya danne ta ƙasa ta zama ƙanƙara mai tauri. Kaurin wannan bargo a matsakaici ya kusa kilomita 2, a wasu wurare ya haura kilomita 4. Tsibirin Girinland da ke arewa shi ma haka yake, kaurin tasa a tsakiya ya kai kilomita 3. Duk taurinta, wannan ƙanƙara tafiya take yi. Kamar ƙullu mai kauri da aka zuba a tsakiyar faranti, a hankali take malala zuwa gefe, tana bin kwari-kwari. Waɗannan hanyoyi su ne kogunan ƙanƙara. Wani yana tafiyar 'yan mitoci a shekara, wani kilomita da yawa.

Idan ta iso bakin teku ba ta tsayawa. Sai ta ci gaba da miƙewa a kan ruwa, tana iyo amma gindinta na manne da nahiya, kamar dakali a ƙofar gida. Mu kira shi dakalin ƙanƙara. Mafi girmansu, wanda ake kira Ross, ya fi rabin Najeriya faɗi. Daga leɓen irin wannan dakali ne, ko daga bakin kogin ƙanƙara, gutsure ke tsagewa ya ɓalle ya kama gabansa. Shi ne abu na biyu, dutsen ƙanƙara. Saboda asalinsa dusar ƙanƙara ce, ruwansa ruwan daɗi ne, babu gishiri. Na Antaktika galibi samansu a shafe yake kamar tebur, gefensu a miƙe kamar katanga. Na Girinland sun fi ƙanƙanta, ga tsini da ƙusurwoyi, wani kamar hasumiya.

Na uku shi ne ruwan tekun kansa idan ya daskare. Wannan ba daga ƙasa ya zo ba, kuma ba shi da kauri, yawanci mita 1 zuwa 3 ne, sai dai faɗinsa ya ninka na duk duwatsun ƙanƙara sau ba adadi. Za mu dawo kansa.

Abin da ido ke gani kaɗan ne

Ruwa na daga cikin abubuwa ƙalilan da ke kumbura idan sun daskare. Duk wanda ya taɓa cika gora fal ya sa a firiza ya dawo ya tarar ta fashe ya ga wannan. Lita ɗaya ta ƙanƙara nauyinta kimanin giram 917, lita ɗaya ta ruwan teku kuma kimanin giram 1,025. Wannan ɗan bambanci shi ne kawai ke fitowa sama. Ma'ana, kusan kashi 9 cikin 10 na dutsen ƙanƙara a nutse yake, tamkar dorinar da ba a ganin komai nata sai kunnuwa da hanci. Katangar A23a da matuƙa jirgi ke ɗaga kai su kalla ta kai mita 40 a wasu wurare, amma abin da ke ƙarƙashin ruwa ɗaruruwan mitoci ne.

Nan haɗarin yake ga jiragen ruwa. A daren 14 ga Afrilu 1912, da ƙarfe 11:40, jirgin Titanic da ya taso daga Southampton zuwa New York ya gogi wani dutsen ƙanƙara a arewacin tekun Atlantika. Ɓangaren da ke ƙarƙashin ruwa ne ya farke masa gefe. Kafin ƙarfe 2:30 na dare ya nutse, mutane kimanin 1,500 suka mutu. Duwatsun da ke bi ta wannan yanki daga yammacin Girinland suke fitowa, su yi shekara biyu ko uku suna zagaye kafin ruwa mai sanyi da ke gangarowa ta gaɓar Labrador ya kawo su daura da Newfoundland a Kanada, daidai kan hanyar jiragen Turai da Amurka. Bayan wannan masifa ne aka kafa rundunar sintirin ƙanƙara ta ƙasa da ƙasa a 1914, wadda dakarun tsaron gaɓar tekun Amurka ke tafiyar da ita har yau.

A zamanin na'urar rada da tauraron ɗan'adam, babban dutse ba ya ɓuya. Abin da ke hana matuƙa barci shi ne ƙananan gutsattsari, masu girman mota ko ɗaki, waɗanda abin da suka fito da shi sama bai kai mita ɗaya ba. Sukan saje da igiyar ruwa, rada ta kasa tantance su, ga su da tauri kamar kankare. Ma'aikatan jirgi na kiran su masu gurnani, saboda sautin da suke yi idan igiya na wasa da su. A Nuwamba 2007 jirgin 'yan yawon buɗe ido mai suna Explorer ya bugi ƙanƙara kusa da Antaktika ya nutse, Allah Ya sa aka ceto duka mutum 154 da ke ciki. Manyan ma ba a kusantar su da ganganci. Ruwa na cin su ta ƙasa, idan nauyi ya rinjayi gefe ɗaya sai dutsen ya kife gaba ɗaya ba sallama, ya ta da igiyar da za ta iya juya kwale-kwale.

Shekara 30 a wuri ɗaya

Sunan A23a ba kara-zube aka sa shi ba. Wata cibiyar gwamnatin Amurka mai lura da ƙanƙara ce ke raɗa wa duk dutsen da tsawonsa ya haura kilomita 18 suna. An raba kewayen Antaktika gida huɗu, A, B, C da D. Harafin farko na nuna yankin da aka fara ganin dutsen, lambar na nuna na nawa ne, ƙaramin harafin ƙarshe kuma na nuna cewa ya rabu, wannan shi ne babban ɓarin.

Ya ɓalle daga dakalin Filchner a 1986, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 4,000. A kansa akwai wata tashar bincike ta Tarayyar Sobiyet mai suna Druzhnaya 1, wadda ya yi gaba da ita, sai daga baya aka bi sawu aka kwaso kayan aiki. Bai yi nisa ba gindinsa ya dafe ƙasan tekun Weddell, ya tsaya cik. Tarayyar Sobiyet ta rushe yana nan. Yaron da aka haifa a shekarar ya yi aure ya hayayyafa yana nan. Sai wajen 2020, bayan ya rame ta ƙasa, ya fara motsi. A ƙarshen 2023 ya wuce tsinin nahiyar ya fito fili, inda jirgin binciken Birtaniya mai suna Sir David Attenborough ya je gefensa ya ɗebi ruwa don nazari.

A 2024 ya sake yin abin da ya ja hankali. Kusa da tsibiran South Orkney akwai wani tudu a ƙasan teku wanda ke sa ruwan da ke samansa juyawa kamar ana dama kunu. Dutsen ya faɗa ciki, ya yi watanni yana kewaya a wuri ɗaya, kimanin digiri 15 a kowace rana, wato zagaye guda a cikin kwana 24. A Disamba ya kuɓuce. A farkon Maris 2025 ya sake dafe ƙasa kusa da tsibirin Jojiya ta Kudu, wanda ke ƙarƙashin Birtaniya. An ji tsoron kada ya tare wa tsuntsayen fengwin hanyar zuwa neman abinci su ciyar da 'ya'yansu, amma ya tsaya nesa da gaɓa. Daga nan ruwa mai ɗan ɗumi ya fara aikinsa, manyan ɓarori suka yi ta zubewa, kafin watan Satumba na shekarar ya rasa kambun dutsen ƙanƙara mafi girma a duniya.

Ba shi ne gwarzon tarihi ba ma. B-15, wanda ya ɓalle daga dakalin Ross a Maris 2000, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 11,000, kusan ƙasar Gambiya. A68 da ya fita daga dakalin Larsen C a Yuli 2017 yana da 5,800, shi ma a wajen Jojiya ta Kudu ya ƙare a 2021.

Mutuwar irin waɗannan duwatsu ba asara ce zalla ba. Lokacin da ƙanƙarar ke jan ciki a kan nahiya takan kankare ƙasa da duwatsu ta riƙe. Idan ta narke a teku sai ta saki sinadarin ƙarfe da sauran ma'adinai, su zama taki ga ƙananan tsirran ruwa, waɗanda ƙananan jatan lande ke ci, su kuma kifi da fengwin su ci su.

Gwajin kofi da matacin shayi

Ga abin da kowa zai iya gwadawa a gida. A samu kofin gilashi, a zuba ruwa, a jefa ƙanƙara har ta yi iyo ba ta taɓa ƙasa ba, a ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya. A tafi a dawo bayan ta narke. Ruwan na nan a kan zaren. Dalili shi ne tun lokacin da aka jefa ta ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta, da ta narke kuma sai ta cike gurbin da ta buɗe wa kanta.

Yanzu a sake gwajin, amma a ɗora ƙanƙarar a cikin matacin shayi a saman kofin. Kowane ɗigo da ya sauka ƙari ne, ruwan zai haura zaren.

Dutsen ƙanƙara da dakalin ƙanƙara da daskararren ruwan teku duk na cikin kofi ne. A23a tun yana manne da Filchner yake iyo, ya riga ya ci gurbinsa a teku tun kafin a haifi yawancin masu yaɗa hotonsa. Akwai ɗan ƙari ƙanƙani da ke zuwa saboda ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri nauyi ba, amma bai taka kara ya karya ba. Ƙanƙarar da ke kan ƙasa kuwa ita ce ta cikin mataci. Da ta Girinland za ta narke duka, teku zai tashi kimanin mita 7. Ta Antaktika kuma kimanin mita 58. Babu masanin da ke cewa hakan zai faru a wannan ƙarni, amma ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ya isa ya sauya taswirar biranen gaɓa.

To in haka ne me ya sa masana ke sa ido a kan dakali, tunda na cikin kofi ne? Saboda tokari ne. Ku tuna tirela a gangare da dutsen da yaron mota ke cusawa a bayan taya. Dutsen ba kaya ba ne, amma in ya zame, kayan ne za su gangaro. Dakalin ƙanƙara na dafe da tsibirai da gefen gaɓa da tuddan ƙasan teku, yana rage wa kogunan da ke bayansa gudu. An ga hakan ƙuru-ƙuru a farkon 2002, lokacin da dakalin Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, wanda ya yi aƙalla shekara 10,000 a wurinsa, ya tarwatse cikin 'yan makonni. Bayan nan wasu kogunan ƙanƙarar da yake tarewa sun ninka gudunsu har sau takwas. Shi ya sa ake yawan ambaton kogin ƙanƙara na Thwaites a yammacin Antaktika, wanda ruwa mai ɗumi ke ci ta ƙasa. Shi kaɗai yana riƙe da abin da zai ɗaga teku kimanin santimita 65.

Sauyin yanayi ne ko al'ada?

A nan kowane ɓangare na riƙe da rabin gaskiya. Masu cewa ɓallewar duwatsun ƙanƙara tsohon abu ne sun faɗi daidai. Dusar ƙanƙara na sauka a tsakiya, dakali na tsawo, leɓensa na tsagewa, kamar farce ne da ke tsiro ana yankewa. Masanan da suka bi diddigin A23a ba su ɗora ɓallewarsa a kan ɗumamar yanayi ba. Mai nuna hotonsa yana cewa ga hujja, yana ba abokin gardamarsa sanda ne.

Amma ba da dutse ɗaya ake auna lamarin ba, da lissafin shiga da fita ake yi, kamar ɗan kasuwa. Tun 2002 akwai taurarin ɗan'adam da ke auna nauyin ƙanƙarar, kuma sun nuna Girinland na asarar kimanin tan biliyan 270 a kowace shekara, Antaktika kuma sama da tan biliyan 100. Tekun duniya ya tashi kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, kuma gudun tashin na ƙaruwa. Ba ƙanƙarar waɗannan wurare biyu ce kaɗai sanadi ba. Ruwa kan kumbura idan ya yi ɗumi, ga kuma ƙanƙarar manyan tsaunuka irin su Himalaya da Alps da ke zagwanyewa.

Siririyar ƙanƙarar da ba a ɗauka a hoto

Ruwan teku, saboda gishirinsa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri. Yadda yake farawa abin kallo ne. Da farko ƙananan tsinke-tsinke kamar allurai ke bayyana, su taru su sa fuskar ruwa ta yi kamar an zuba mai. Idan teku a kwance yake, sai su haɗe su zama yana mai laushi irin ta kan kunun da ya huce, igiya na wucewa ta ƙarƙashi tana lanƙwasa ta. Idan kuma akwai iska, sai su dunƙule su zama faya-fayai masu zagaye, suna gugar juna har bakinsu ya ɗaga kamar faifan rufe ƙwarya. Daga nan su manne su zama fili. Yayin da yake daskarewa, ruwan na tofar da yawancin gishirinsa, har ƙanƙarar da ta shekara biyu ko uku akan narka ta a sha.

Wadda ta manne da gaɓa hanya ce ga mutanen Inuwit na Kanada da Girinland, a kanta suke tafiya farauta da ziyara. Wadda ba ta manne ba kuwa iska ce ke kora ta, filaye su yi karo, su hau juna, su matse duk abin da ya shiga tsakani. Haka ta yi wa jirgin Endurance na mai binciken Antaktika Ernest Shackleton. Ta kama shi a tekun Weddell a Janairu 1915, ta yi wata goma tana jan sa, ta murƙushe katakonsa, ya nutse a Nuwamba. Mutum 28 suka koma zama a kan ƙanƙarar, ruwa na tafiya da su arewa ta hanyar da A23a ya bi bayan shekara ɗari da 'yan kai, har Shackleton ya isa Jojiya ta Kudu a ƙaramin kwale-kwale ya nemo agaji. Babu wanda ya mutu a cikinsu. A Maris 2022 wani jirgin Afirka ta Kudu, S.A. Agulhas II, ya gano gawar jirgin a zurfin mita 3,008.

Wannan ƙanƙara numfashi take da shekara. A tekun Aktik na arewa takan cika a Maris ta ragu a Satumba, a kudu kuma akasin haka. Tun 1979 ake auna ta daga sama. A shekarun 1980 abin da ke saura a Aktik a ƙarshen lokacin zafi ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 7. A Satumba 2012 miliyan 3.4 ya rage. Gibin ya kusa Najeriya huɗu. A Antaktika labarin ya ɗan rikice: ƙanƙarar tekun ta yi ta ƙaruwa har 2014, masu musun ɗumamar yanayi suka yi ta kafa hujja da ita, sai ta juya ta faɗi, a Fabrairu 2023 ta kai mafi ƙanƙantar da aka taɓa aunawa.

Narkewarta ba ta ɗaga teku, amma tana da wani aiki. Wanda ya taɓa sa baƙar riga a ranar Afrilu ya san bambancinta da fara. Farar ƙanƙara na mayar da mafi yawan hasken rana sama, buɗaɗɗen teku kuwa na shanye sama da kashi 90 cikin 100. Ƙanƙara ta ragu, ruwa ya ƙara ɗumi, ƙanƙara ta ƙara raguwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa yankin Aktik ke ɗumama ninki uku zuwa huɗu a kan sauran duniya, kuma Girinland, mai ƙanƙarar cikin mataci, a wannan unguwar take.

Akwai masu ganin riba a ciki. Hanyar ruwa da ta bi ta arewacin Rasha ta fi ta mashigin Suez gajarta da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin arewacin Turai da gabashin Asiya, kuma Rasha, wadda ita kaɗai ke da jiragen fasa ƙanƙara masu aiki da nukiliya, tana tallata ta.

Ina ruwan manomin Sahel?

Hanya biyu ce abin ke iso mu. Ta farko ta bakin teku. Legas, Kwatano, Lome, Keta a Ghana da Saint-Louis a Senegal duk a ƙasa-ƙasa suke. Gaskiya ne cewa zaizayar gaɓarsu ba tashin teku kaɗai ke jawo ta ba, akwai haƙar yashi, da gine-ginen da suka tare tafiyar rairayi, da nutsewar ƙasar kanta. Tashin teku na hawa ne a kan waɗannan, ya sa ambaliyar da a da sai an jima ake gani ta zama ta kowace shekara. Ga dubban Hausawa da ke zaune a waɗannan birane, ga kayan da ke shigowa ta tashoshinsu kafin su hau mota zuwa Kano ko Yamai. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ta biyu ta fi ban mamaki, domin ta shafi damina. A 1988 wani masanin Jamus, Hartmut Heinrich, ya bayyana abin da ya gani a cikin laka da aka haƙo daga ƙasan arewacin Atlantika: jeri-jerin tsakuwa da yashi mai kauri a tsakiyar teku, inda babu kogin da zai kai su. Duwatsun ƙanƙara ne suka ɗauko su daga Kanada, suka narke suka zubar. Sau shida a zamanin sanyin duniya na ƙarshe aka yi irin wannan ambaliya ta duwatsun ƙanƙara. Lakar da aka haƙo daura da Senegal da Muritaniya ta nuna cewa a waɗannan lokuta ƙura ta yawaita, Sahel ya bushe, hamada ta gangaro kudu. A ɗaya daga ciki, wajen shekara 16,000 zuwa 17,000 da suka wuce, har tafkin Victoria ya ƙafe.

Alaƙar ita ce, tekun Atlantika na da wata kwarara mai ɗaukar ruwa mai ɗumi daga yankunan zafi zuwa arewa. Can ya huce, ya yi nauyi saboda sanyi da gishiri, ya nutse ya dawo ta ƙasa. Idan ruwan daɗi ya yi yawa a sama, sai ya zama murfi, nutsewar ta ragu, kwararar ta yi rauni, arewacin tekun ya yi sanyi. Hadarin daminarmu kuwa yana bin ɓangaren da ya fi ɗumi ne. In arewa ta huce, ba ya haurowa sosai, kuma waɗanda ke bakin iyakarsa, wato ƙasar gero, su ne farkon ji a jika. Ƙanƙarar da ta yi wancan aiki ta fi ta Girinland ta yau yawa nesa ba kusa ba, kuma masana na muhawara a kan yawan raunin da kwararar za ta yi a wannan ƙarni, wasu na ganin kaɗan, wasu na gargaɗin ana dab da wani mataki mai wuyar dawowa. A ganina, in mutumin Sahel zai bibiyi labarin ƙanƙara guda, na Girinland ya fi kusa da rumbunsa a kan na A23a.

Me zai hana a jawo shi a sha?

Duk inda aka yi wannan hira sai wani ya kawo shawarar, kuma ba shi ne farau ba. Kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin duniya a daskare yake. A 1977 Yarima Muhammad al-Faisal na Saudiyya ya ɗauki nauyin wani taro a jami'ar jihar Iowa a Amurka don nazarin yadda za a jawo dutsen ƙanƙara daga Antaktika zuwa ƙasarsa, har aka kawo wani gutsure daga Alaska don mahalarta su gani. A 2018, da famfunan Cape Town suka kusa ƙafewa, wani ƙwararre a aikin ceto jiragen ruwa, Nick Sloane, ya sake tayar da maganar. Har yau ba a jawo ko ɗaya ba. Dutsen da zai jure tafiyar watanni a ruwa mai ɗumi dole ya zama mai nauyin miliyoyin tan, jan sa sai a hankali, yana iya tsagewa ko ya kife a hanya, kuma in ya iso, zurfinsa ba zai bari ya matso gaɓa ba. Saudiyya ta ci gaba da tace gishiri daga ruwan teku.

Inda ake jan dutsen ƙanƙara da gaske shi ne daura da Newfoundland, kuma ba don sha ba. Idan aka hango wani ya doshi rijiyar mai ta cikin teku, jirgi kan zagaye shi da igiya mai kauri ko raga, ya ja shi a hankali har ya kauce daga hanya. A garuruwan gaɓar kuma akwai masu fita da ƙananan jirage su tsinto gutsattsarin, a narka a zuba a kwalba a sayar da tsada. Idan aka jefa guntun a kofi yana ta ƙara tas-tas, saboda kumfar iskar da ta maƙale a cikinsa tun ranar da dusar ta sauka, shekaru dubbai da suka wuce, tana fashewa tana fita.